Sunayen Iskoki da Dodanni a Hannun Masu Fassara: Waiwaye Daga Ƙasar Jega

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun wasu 'yan kalmomi na Hausa, watau sunayen halittun ɓoye da na cikin tatsuniya, a ga irin hannuwan da suka ratsa tun daga ƙarni na 19 zuwa yau, da abin da kowane hannu ya rage musu ko ya ƙara. Za mu tsaya a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama ta Jihar Kebbi, mu riƙa hangen sauran wurare daga can. A wasu gaɓoɓi za mu leƙa ƙasar Koriya, saboda abin da ya sami sunayen halittunsu ya yi kama ƙwarai da abin da ya sami namu, kuma a lokaci guda ya same su.

Hausawa sun ce suna linzami ne. In aka ɗaura wa abu linzamin da ba nasa ba, inda mai linzamin ya so can zai nufa. Wannan shi ne abin da muke so mu nuna da hujjojin tarihi.

2.0 Dalilin tsayawa a Jega

Jega gari ne na Gimbanawa. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Ba'are ne, ya zauna da jama'arsa a Gimbana. Harin da rundunar Gobir ta kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan saɓanin da ya shiga tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Kware, da rasuwarsa a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega wajen 1820, a bakin Gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Goron Gwanja da gishirin Foga da tufafin Kano da na Nupe duk sun haɗu a cikinta.

Inda fatake suka haɗu, labaransu ma sun haɗu. Ke nan a wannan ɗan yanki an sami Arawa masu tunawa da doguwar ƙasarsu ta asali, da Kabawa da Sarkawa masu sanin abin da ke cikin ruwa, da Fulani, da Zabarmawa da Dandawa, ga kuma malamai masu karanta littattafan Larabci a kusa da Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kowane rukuni da sunayen da yake kiran mutanen ɓoye da su. Tun kafin Bature ya zo da ƙamus, ana fassara waɗannan sunaye a rumfunan kasuwa da masaukan fatake.

3.0 Yadda aljani ya haɗiye iska

Fassara ta farko mai nauyi daga Larabci ta zo. Tsohuwar kalmar Bahaushe ita ce iska, jam'i iskoki, watau abin da ake jin aikinsa ba a ganinsa. Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan kwatance ba. Fulani suna amfani da kalmar henndu, Waswahili na gabashin Afirka da kalmar pepo, duk da ma'ana biyu, ta iskar shaƙa da ta halittar ɓoye. Da Musulunci ya kafu, sai kalmar aljani ta shigo daga Larabci da harafin ta'arifinta a manne, kamar yadda alƙali da alkyabba suka shigo. Tare da ita aka sami ifiritu da rauhani da shaiɗan da Ibilis.

Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya buga littafinsa a 1946, ya nuna cewa malamai ne suka daidaita iskoki da aljanu. Daga nan aka raba su gida biyu, farare waɗanda ake ɗauka Musulmi ne mazauna gari, da baƙaƙe waɗanda ake ɗauka kafirai ne mazauna daji. A ganinmu wannan daidaitawa ta yi amfani ta wata fuska, domin ta ba Musulmi hanyar fahimtar abin da maƙwabcinsa yake faɗa, tun da Alƙur'ani ya tabbatar da samuwar aljanu, har akwai sura ta 72 da sunansu. Amma ta wata fuskar ta shafe wani bambanci. Aljanin littafi jinsi ne na halitta, an yi shi daga wuta, an ɗora masa taklifi kamar ɗan Adam. Iskokin bori kuwa kowace da sunanta, da danginta, da tufafinta, da dabbar da ake yanka mata, da cutar da ake jingina mata, da birninsu Jangare. Ɗangaladima daban, Kuturu daban, Malam Alhaji daban, Sarkin Rafi daban. Wanda ya kira su duka aljanu bai yi ƙarya ba bisa fahimtar malamai, sai dai ya yi kamar mai kiran Sarkin Pawa da Liman da Magajiya da suna ɗaya, watau mutane.

Yana da kyau mu dubi maƙwabtanmu na yamma, waɗanda ba baƙi ba ne a kasuwar Jega. Jean Rouch, a littafinsa na 1960 kan addinin gargajiyar Sanwai, ya nuna cewa Zabarmawa da Sanwai sun ari kalmar Larabci, suna cewa zin, amma sun bar ta a gefenta, sun riƙe kalmarsu holey ga iskokin da ke hawan mutum, irin su Harakoy Dikko ta ruwa da Dongo na tsawa. Su sun ajiye tukwane biyu, mu mun juye namu cikin ɗaya. Shugabannin jihadi sun yi faɗa da bori a rubuce-rubucensu, Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan ƙauyuka, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ƙasar Gwandu kalmar aljani ta rinjayi kalmar iska a bakin masu karatu. Iska ta koma bakin tsofaffi da masu magani, da cikin maganganu irin su bugun iska.

3.1 Doguwa da Inna

Doguwa ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ta fi nuna hatsarin dogara da ƙamus ɗaya. A borin Kano, Doguwa suna ne na yanka, laƙabin iska guda wadda ake kuma kira Inna ko Bafilatana. A ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi kuwa, inda kakannin Gimbanawa suka fito, binciken Adeline Masquelier da aka buga a 2001 ya nuna doguwa suna ne na jinsi, watau iskokin daji waɗanda ake ɗauka su ne masu ƙasa tun kafin mutum ya sare ta, waɗanda Azna ke ƙulla amana da su kafin a kafa gari ko a buɗe kasuwa. Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, a kan irin wannan amana sarautarta ta ginu. Saboda haka in ɗalibi ya ji tsohuwa a ƙauyukan Maiyama ta ce kuka kaza tana da doguwa, tilas ya tambaya wace doguwa ake nufi kafin ya rubuta. In ya buɗe littafin da aka rubuta kan Kano ya kwafo bayanin Inna, ya ɗora wa tsohuwar maganar da ba ta yi ba.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. Cutar da likitoci ke kira foliyo, Bahaushe shan inna yake ce mata, watau Inna ce ta shanye ƙafar yaro. Aliero, wadda ta yi suna da albasa da masu ɗori, gari ne da ake kai masu ciwon ƙashi da gaɓoɓi daga nesa, kuma duk mai wannan sana'a ya san bambancin karaya da targaɗe da shanyewar gaɓa. Da ma'aikatan lafiya suka zo da rigakafi, sai suka tarar sunan da za su kira cutar da shi ya riga ya faɗi mai haddasa ta. Uban da ya yarda Inna ce ke sha, yaya za a gamsar da shi cewa ɗigon magani a baki zai tsare ta? Ba mu ce wannan ne ya jawo dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa a 2003 da 2004 ba, domin dalilan wancan rikici na siyasa ne da rashin amincewa. Amma Elisha Renne, a littafinta na 2010 kan siyasar wannan cuta a Arewacin Nijeriya, ta ba batun sunan muhimmanci, kuma mun yarda da ita. An sanar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a Agustan 2020. Sunan Inna kuwa yana nan a bakin masu shela a rediyo.

4.0 Shekarar 1913

Fassara ta biyu ita ce ta Turawa. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, mafi yawanta daga bakin Dorugu. Amma shekarar da ta fi jan hankalinmu ita ce 1913. A cikinta ne juzu'i na uku na Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar ya fito a Belfast, bayan biyun farko na 1911. A cikinta R. S. Rattray ya buga tatsuniyoyin da Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. A cikinta A. J. N. Tremearne ya buga littafinsa kan camfe-camfe da al'adun Hausawa. A cikinta kuma, a can wani ɓangaren duniya, wani ɗan mishan mutumin Kanada, James Scarth Gale, ya buga fassarar labaran gargajiyar Koriya daga rubutun Im Bang da Yi Ryuk, ya sa wa littafin ƙaramin take da kalmomin Ingilishi uku, imps da ghosts da fairies.

Littafin Edgar shi ne ya fi kusa da mu. Tushensa tarin rubuce-rubucen da Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya sa malamai suka yi da ajami, ya miƙa wa Edgar, shi kuma ya ƙara nasa. Ƙasar Gwandu a lokacin tana cikin Lardin Sakkwato, saboda haka Hausar da ke cikin yawancin labaran mai sauraro a Jega ba zai ji ta baƙuwa ba. Babbar sa'ar da aka yi ita ce Edgar bai fassara su zuwa Ingilishi ba. Ya juya su daga ajami zuwa boko ya bar su. Dodo ya zauna Dodo, Gizo ya zauna Gizo, har zuwa lokacin da Neil Skinner ya fassara su, juzu'in farko a 1969, sauran a 1977.

Tremearne ya bi wata hanya. A 1914 ya fitar da The Ban of the Bori, wanda ya tattara yawancin bayanansa daga Hausawa mazauna Tunis da Tarabulus. A ƙaramin taken littafin ya kira iskoki da kalmar demons, bori kuma rawarsu. Wannan kalma a kunnen Baturen Ingila na zamanin shaiɗanu take nufi, maƙiya Allah zalla, ba mai alheri a cikinsu. Alhali a cikin littafin da kansa ya kawo iskokin da masu bori ke neman waraka da haihuwa da albarkar gona a wurinsu. Taken ya yanke hukuncin da shafukan ciki ba su yanke ba. Dole mu yaba masa da yawan abin da ya tara, musamman da yake an kashe shi a yaƙin duniya na farko a 1915 bai sami sake dubawa ba. Amma linzamin da ya ɗaura ya daɗe. Har yanzu ɗalibanmu na kwalejojin ilimi, in za su taƙaita kundinsu da Ingilishi, wannan kalma ce ke fara zuwa alƙalaminsu, sa'an nan su komo da ita Hausa a matsayin shaiɗan. Kalma ta fita gida tana iska, ta dawo tana shaiɗan. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka kammala a 1932 ta ƙara ƙarfafa wannan, domin da kalmar aljanu aka kira miyagun ruhohin da ake fitarwa daga jikin marasa lafiya.

Akwai kuma ɓarnar rubutu. Turawan farko ba su bambanta k da ƙ ba, ko d da ɗ, domin haruffa masu lanƙwasa sai a shekarun 1930 suka zauna. Saboda haka sunaye irin su ƙwanƙwamai da Ƙoƙi sun shiga littattafai da sautin da ba nasu ba, mai karatu na nesa kuma ya kwafa haka.

4.1 Dodo da Gizo

Dodo ya fi kowa wahalar da masu fassara. A tatsuniya ƙato ne mai gashi, mai cin mutane, yana zama a daji ko a ruwa, yana da mata Dodanniya, yana ƙulla alkawari da iyaye a kan 'ya'yansu, kuma sau da yawa wauta ke kashe shi. Amma kalmar ba ta tsaya nan ba. Hausawa sun kira masu shigar tsafi na ƙabilun kudancin Zariya da Filato dodanni. Maroƙi yana kiran sarki dodo a kirari, yabo ne. Akwai dodon kunne, akwai dodon koɗi. A Wagadugu ta Burkina Faso yara suna yin wasan Dodo cikin watan azumi, wanda ake jingina asalinsa ga fataken Hausa, ɗan'uwan tashenmu. In mai fassara ya zaɓi ogre ko monster, ya kama dodon tatsuniya da ƙafa ɗaya, sauran sun tsere. (Wani abin dariya, a Ingilishi ma akwai kalmar dodo, sunan wani tsuntsu marar tashi na tsibirin Morishiyos da ya ƙare a ƙarni na 17, ba abin da ya haɗa shi da namu.)

Gizo kuwa an mayar da shi tautau kai tsaye, saboda Turawa sun riga sun san Ananse na Asante. Gaskiya ne sunan yana da dangantaka da gizo-gizo, kamar yadda Ƙoƙi ke da dangantaka da ƙoƙi-ƙoƙi. To amma yaron da ke sauraron kakarsa ba ƙwaro mai ƙafa takwas yake gani ba. Magidanci yake gani, mai tsamin baki, mai kwaɗayi, wanda ke zuwa fada ya yi wa sarki ƙarya. Kama da wane ba wane ba ne. Haka ma ayu, dabbar ruwa ta gaske da Sarkawan Kwara suka sani wajen Yawuri, wadda ake cakuɗa labarinta da na 'yan ruwa, sa'an nan masu fassara su ƙara cakuɗa su duka da macen nan mai jelar kifi ta tatsuniyar Turai.

Wurin da Tremearne ya yi daidai shi ne wurin da ya rasa kalma. A cikin tatsuniyoyinsa akwai Zankallala, wata 'yar ƙaramar halitta mai sandar maciji da hular ƙudan zuma, tsuntsaye na bin ta suna yi mata kirari, wadda Dodo ya haɗiye ta fito ta hallaka shi. Da yake Ingilishi ba shi da abin da ya yi kama da ita, sai ya bar sunan ya bayyana siffarta. Shi ya sa yau muna iya gane ta sarai, fiye da waɗanda aka yi wa aron riga.

5.0 Da aka juya fuskar fassara

Hukumar Fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ta juya aikin, aka shiga kawo labaran waje cikin Hausa. Edgar ya riga ya fitar da Dare Dubu da Ɗaya a 1924, inda aljani da ifiritu suka komo gidansu ba wahala. Gandoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na 1934, cike suke da aljanu. A Magana Jari Ce Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Jamusawa, ya sake musu gida da suna har ba a gane baƙi ne. Wannan gwaninta ce ta mai ƙaga labari, kuma halal ce gare shi. Amma ta bar wa na baya al'adar cewa kowace baƙuwar halitta ko dai aljani ce ko dodo.

A nan ne Koriya ta sake shigowa. Matasa a Jega da Aliero suna kallon finafinan Koriya a waya, wasu da fassarar Hausa. Koriyawa suna da dokkebi, halittar da ake cewa tana samuwa daga tsohon kayan aikin gida da aka yar, kamar tsintsiya, tana son kokawa da matafiya da dare, tana da kulkin da ke kawo dukiya, tana saka wa mai kirki ta wulaƙanta marowaci. Ba kurwar mamaci ba ce. Ta mamaci gwishin suke ce mata, wadda ta yi kusa da fatalwarmu. A zamanin mulkin Japan, daga 1910 zuwa 1945, an riƙa zana dokkebi a littattafan makaranta da ƙaho da fatar damisa irin na oni, dodon Japanawa, kuma masanan Koriya sun daɗe suna ƙoƙarin raba su. Da wani shahararren wasan talabijin nasu ya fito a ƙarshen 2016, aka tallata shi a duniya da sunan Goblin, watau wata ƙaramar muguwar halitta ta tatsuniyar Turai. Mai fassara zuwa Hausa daga Ingilishi yake ɗauka, ba daga Koriyanci ba. Ke nan dokkebi ya bi ta hannun Bajapane, ya bi ta hannun Bature, kafin ya iso gare mu a kira shi aljani, kalmar da ita kanta ta riga ta haɗiye iska.

Ra'ayinmu shi ne a bi hanyar Zankallala. A bar wa halitta sunanta, a rubuta shi da ƙa'idar Hausa, a bi shi da jimla ɗaya ta bayani a karon farko. Inda ma'ana ta haɗu sosai, kamar gwishin da fatalwa, ba laifi a yi musanya. Inda ta haɗu rabi, a faɗi rabin da ya saura. Gumiho, alal misali, yanyawa ce mai wutsiya tara da ke rikiɗa ta zama kyakkyawar mace ta ci hantar maza. Bahaushe yana da rikiɗa, yana da labarin mutum mai komawa kura, yana da maye mai kama kurwa. Amma maye mutum ne da ke zaune cikin mutane, gumiho kuwa dabba ce da ke neman zama mutum, saboda haka kiran ta mayya juya labarin ne a baibai.

Wannan aiki yana buƙatar abin da ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 ba su ba mu cikakke ba, watau bayanin kowane suna tare da garin da aka ji shi. Ɗaliban da muke turawa koyon aikin koyarwa a makarantun Jega da Aliero da Maiyama suna iya tara shi cikin zango ɗaya, in an koya musu su rubuta kalmar yadda mai magana ya furta ta, ko da ya ce hwatalwa bisa karin harshensa, su tambaye shi abin da take yi, da inda take zama, da abin da ya raba ta da aljani, kafin su buɗe kowane ƙamus.